Tallafin Pell Grant: Me ake biya da shi, kuma yaushe ake mayarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Bronx, cikin birnin New York. 'Yata ta samu gurbi a kwaleji, kuma gwamnatin tarayya ta ba ta Pell Grant. Kuɗin makaranta kaɗai yake biya, ko har da littattafai da haya? Za a ce ta mayar daga baya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun nata. Pell Grant kyauta ce, ba rance ba ne. A 1972 aka kafa shi, gwamnatin Amurka ke bayar da shi ga masu karatun digiri na farko da iyayensu ba su da ƙarfi, daga baya aka sa masa sunan Sanata Claiborne Pell. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, mafi yawan abin da ɗalibi ya samu shi ne dala 7,395.

Kuɗin ba hannunta zai fara zuwa ba. Makaranta ake tura wa, ta cire kuɗin karatu da sauran cajin rajista, da na ɗaki da abinci idan a cikin makarantar take kwana. In an samu saura, doka ta ce a ba ta cikin kwana 14. Da wannan ragowar za ta sayi littattafai da kwamfuta, ta biya kuɗin jirgin ƙasa, ta sa a haya. Sai dai abin da ya tafi a haya da abinci yana iya shiga lissafin haraji.

Ga inda nake roƙon ki buɗe ido sosai, domin nan iyalai da yawa ke ƙonewa. Idan ta bar makaranta kafin ta cinye kashi 60 cikin 100 na zangon, za a lissafa kwanakin da ta yi, a mayar wa gwamnati sauran, kuma makaranta na iya biyo ta bashi. Na san yadda gidajenmu suke: kuɗi na shigowa sai a tuna da biki, ko wani ɗan'uwa a gida da ke jiran aike. Don Allah a bar wa yarinyar nan kuɗinta. Littafin da ba ta saya ba shi ke jawo faɗuwa, kuma in makinta ya yi ƙasa da abin da makarantar ta gindaya, tallafin zai tsaya.

Ta riƙa cike fom ɗin FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, kowace shekara, kyauta ne, kada ta biya kowa. Tallafin kuma yana da iyaka, kwatankwacin shekara 6 na cikakken karatu a duk rayuwarta, saboda haka kada ta yi ta sauya fanni. Kafin ta ajiye ko da darasi ɗaya, ta fara shiga ofishin tallafin ɗalibai na kwalejin ta tambayi abin da hakan zai rage mata.