Wiki na ofis ya tsaya, biza a hannun kamfani, gida ana kiran biki

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Manchesta ta Ingila, yana kan bizar Skilled Worker (bizar aiki da kamfani ke ɗaukar nauyi), bai gama watannin gwaji ba. An sa shi ɗaga MediaWiki, manhajar da ke gudanar da wiki (shafin adana bayanai) na ofis, daga sigar 1.35 zuwa 1.43, yanzu shafi fari fat. Wani a gurup na WhatsApp ya ce ya turo fam 300 da fasuwod na saba (server, kwamfutar da wikin ke kai) ya gyara cikin dare, kawunsa kuma na ta kira sai ya zo bikin ƙanwa.

Ɗan'uwa, wallahi kar ka ba mutumin nan fasuwod. Na ga wanda ya yi haka, wanda ya ba fasuwod ɗin ya kwashe bayanan kamfani ya kashe waya, aka kori yaron, kuma ka san da kamfani ya sanar ya daina ɗaukar nauyinka yawanci kwana 60 ake bari maka ka samu wani ko ka tattara. Wiki ya tsaya ba laifin kora ba ne, miƙa wa bare bayanan ofis shi ne.

Gyaran kuma bai kai yadda kake tsoro ba, injin MediaWiki ne ya canza ka bar masa tsofaffin ekstenshin, wato ƙananan manhajojin da ake ɗora masa. Duba sigar PHP tukun, yaren da aka rubuta MediaWiki da shi, 1.43 na son 8.1 zuwa sama. Buɗe LocalSettings.php ka sa $wgShowExceptionDetails = true don ya faɗa maka abin da ke damunsa, ka kashe duk layukan wfLoadExtension da alamar #, in shafi ya tashi sai ka dinga dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka sauko da na reshen REL1_43, sannan ka gudanar da php maintenance/run.php update. Ekstenshin ɗin da har yau da require_once ake loda shi, ba shi da extension.json, galibi masu shi sun watsar, nemi madadi. Ina fata dai ka yi bakof na database kafin ka fara. Gobe da safe ka rubuta wa oganka imel, ga matsala, ga ranar da za ka gama.

Maganar Kawu kuwa, ina bayanka. Aikin nan shi ke biyan kuɗin makarantar ƙannenka, bai dace a sa ka bar shi a hargitse saboda kar dangi su yi magana ba. Kira Hajiya da kanka ka yi mata bayani, ka tura gudummawarka, ka ce sai an tabbatar da kai za ka zo.