Wa Ke Biyan Kuɗin Binciken Ɓurɓushin Ƙwayar Zarra, Kuma Me Ya Sa Turai Ta Sha Gaban Amurka?

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare. Na ji labarin cewa ƙasashen Turai suna tunanin haƙa wani sabon rami mai kewayen kilomita 91 domin binciken ƙananan ɓurɓushin da suka haɗu suka yi ƙwayar zarra. Ɗalibaina sun tambaye ni wanda ke biyan waɗannan maƙudan kuɗi, da abin da gwamnati ke samu idan ta biya, da kuma dalilin da ya sa Amurka, duk da arzikinta, ba ita ce ke da na'ura mafi girma ba. Ina neman bayanin da zan iya mayar musu da shi.

Amsa: Malam, ɗalibanka sun yi tambaya mai kyau, kuma ta ukun ita ce ta fi nauyi, domin a cikinta ne amsar sauran biyun take fitowa fili. Bari in fara da mai sauƙin. Kusan duk kuɗin da ake kashewa a wannan fanni daga baitulmalin gwamnatoci yake fitowa, wato daga harajin jama'a. Kamfani ba ya zuba jari a nan, saboda abin da ake nema ba haja ba ce da za a kai kasuwa, kuma tsakanin ranar da aka zana na'ura a takarda da ranar da za ta ba da sakamako akan yi shekara ashirin ko fiye. Aikin kansa shi ne a ƙara wa ɓurɓushi irin su furoton (ɗaya daga cikin ɓurɓushin da ke tsakiyar ƙwayar zarra) gudu har su kusa kai saurin haske, a gwara su da juna, sannan a auna abin da ya fito daga karon. Gwargwadon ƙarfin da ake so karon ya yi, gwargwadon girman na'urar da tsadarta.

A Turai, cibiyar da ke wannan aiki ita ce CERN, wadda ƙasashe 12 suka kafa a 1954 kusa da birnin Jeniba, a kan iyakar Suwizalan da Faransa, shekara tara kacal bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin masanan Turai suna ta ƙaura zuwa Amurka, kuma babu ƙasa guda a nahiyar da za ta iya gina babbar na'ura ita kaɗai. Aka rubuta a cikin yarjejeniyar kafa ta cewa ba ruwanta da aikin soja, kuma duk sakamakon bincikenta za a bayyana shi ga kowa. Yau mambobinta sun haura ashirin, suna karo-karon kimanin faran biliyan 1.2 na kuɗin Suwizalan a kowace shekara, kuma kason kowace ƙasa yana bin girman tattalin arzikinta ne. Jamus ce ta fi kowa biya, tana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar. Idan aka raba jimlar a kan yawan al'ummar waɗannan ƙasashe, abin da ke kan mutum guda bai wuce faran biyu zuwa uku ba a shekara. Manyan na'urorin auna sakamako, irin su ATLAS da CMS, da lissafinsu daban: jami'o'i da hukumomin bincike na ƙasashe da dama ne ke ɗaukar mafi yawan nauyinsu, har da ƙasashen da ba mambobi ba.

A Amurka tsarin ya sha bamban. Ma'aikatar makamashi ce ke riƙe da mafi yawan kuɗin fannin, sama da dala biliyan ɗaya a shekara, kuma ita ce mamallakiyar cibiyar Fermilab da ke jihar Illinois. Kuɗin ba su gaza na Turai da wani abin a zo a gani ba. Bambancin shi ne, kowace shekara sai majalisar dokoki ta sake amincewa da kasafin, kuma tana da ikon ƙarawa, ko ragewa, ko sokewa baki ɗaya. A ganina wannan bambanci ne ya yanke hukunci tsakanin ɓangarorin biyu, kuma labarin da ya fi nuna haka shi ne na SSC, babbar na'urar gwara furoton da Amurka ta fara ginawa.

A watan Janairun 1987 Shugaba Ronald Reagan ya amince a gina SSC, aka ƙiyasta za ta ci dala biliyan 4.4. A ƙarshen 1988 aka zaɓi garin Waxahachie na jihar Teksas, kuma jihar ta yi alkawarin ba da dala biliyan ɗaya daga aljihunta. An tsara ramin zai kai kewayen kilomita 87, ƙarfin karon da za a yi a cikinsa kuwa zai kusa ninka na LHC, babbar na'urar gwara furoton ta CERN, sau uku. Da an gama ta, da wuya a ce ba a Teksas aka fara ganin ɓurɓushin Higgs ba, wato ɓurɓushin da ke da alaƙa da yadda sauran ɓurɓushi ke samun nauyi. Sai dai tun ba a je ko'ina ba farashi ya fara hawa. Masu zane suka ga dole a faɗaɗa bakin maganaɗisun da ke lanƙwasa hanyar ɓurɓushin a cikin ramin daga santimita 4 zuwa 5, wannan da wasu gyare-gyare suka kai ƙiyasin dala biliyan 8.25 a 1991, kafin 1993 kuma ana maganar sama da biliyan 10. An yi fatan Japan za ta kawo gudummawa mai tsoka, amma an gayyace ta ne bayan an riga an zaɓi wuri an kuma tallata aikin a matsayin abin alfaharin Amurka, don haka ba ta kawo ba. Ana cikin haka Tarayyar Sobiyat ta wargaje a 1991, hujjar gasa da abokin gaba ta faɗi, hankalin 'yan majalisa ya koma kan giɓin kasafin kuɗi. Jihohin da suka yi takarar karɓar aikin suka rasa ba su da sauran dalilin kare shi. Su kansu masanan ba su yi magana da murya ɗaya ba: Steven Weinberg, mai kyautar Nobel, ya tsaya wa aikin a gaban majalisa, Philip Anderson kuwa, wanda shi ma ya ci kyautar Nobel, ya soke shi, yana ganin zai cinye kason sauran fannonin kimiyya. A 1992 majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'ar soke aikin, majalisar dattawa ta ceto shi. A watan Oktoban 1993 ba a sami mai ceto ba. An riga an kashe kimanin dala biliyan biyu, an haƙa kusan kilomita 23 na rami, sai aka rufe, ma'aikata kimanin 2,000 suka watse, aka tashi biyu babu.

Kada a ɗauka cewa Turai ba ta gamu da irin waɗannan matsaloli ba. Lokacin da majalisar gudanarwar CERN ta amince da LHC a watan Disamban 1994, kuɗi ba su isa ba, har aka shirya gina ta kashi biyu, a fara da maganaɗisu da ba su cika ba. A 1996 Jamus, wadda ɗawainiyar haɗewar gabashi da yammacinta ta yi wa nauyi, ta nemi a rage mata kaso, aka rage kasafin cibiyar. A 2001 aka gano farashin ya zarce ƙiyasi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A watan Satumban 2008, kwana tara bayan kunna na'urar, wata mahaɗar lantarki ta lalace ta ɓata maganaɗisu da dama, gyara ya ci fiye da shekara guda. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya kashe aiki a gaban majalisar da ke ƙuri'a duk shekara. Abin da ya raba su shi ne, CERN ta san abin da zai shigo mata baɗi da baɗin baɗaɗa, domin kason ƙasa wajibi ne na yarjejeniya tsakanin ƙasashe, kuma ficewa daga irin wannan yarjejeniya ta fi soke layi guda a kasafi wuya nesa ba kusa ba. Da wannan tabbaci ta iya jinkirta wasu ayyuka, ta rufe tsohuwar na'urarta LEP a shekarar 2000 domin a yi amfani da raminta mai kilomita 27 maimakon haƙa sabo, ta kuma ci bashin yuro miliyan 300 daga bankin zuba jari na Turai ta biya a hankali. Ta buɗe ƙofa ga Japan da Rasha da Indiya da Kanada, ita ma Amurka ta sa hannu a 1997 ta ba da gudummawar dala miliyan 531. LHC ta ci sama da faran biliyan 4, kuma ranar 4 ga Yulin 2012 aka sanar da gano ɓurɓushin Higgs, wanda aka yi hasashensa tun 1964.

Shi ma tsarin Turai yana da nasa aibi, kuma adalci ne a faɗe shi. Tunda kason CERN ba ya taɓuwa, idan kasafin kimiyya na wata ƙasa ya matse, jami'o'in cikin gida ne ke shan wuya. Haka ta faru a Birtaniya a ƙarshen 2007, lokacin da hukumar da ke kula da fannin ta sami giɓin fam miliyan 80, aka zaftare tallafin masu bincike alhali ana ci gaba da biyan Jeniba. A 2009 ministan kimiyya na Ostiriya ya sanar cewa ƙasarsa za ta fice daga CERN saboda kason yana cinye mafi yawan abin da take warewa don haɗin gwiwar bincike da ƙetare, amma cikin 'yan kwanaki shugaban gwamnati ya janye maganar bayan masana sun yi ca.

Saura batun abin da gwamnati ke samu. An saba kawo jerin amfanin da aka tsinta a hanya, kuma gaskiya ne. A CERN Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989 domin masu bincike su riƙa musayar bayanai, a ranar 30 ga Afrilun 1993 kuma cibiyar ta sake shi kyauta ga duniya. Buƙatar da na'urar Tevatron ta Fermilab ta yi wa wayar maganaɗisu mai ɗaukar lantarki ba tare da asara ba ta taimaka wajen haɓaka masana'antar da injinan hoton MRI suka dogara da ita. Robert Wilson, wanda ya zama shugaban Fermilab na farko, shi ne tun 1946 ya kawo shawarar magance ciwon daji da furoton. Dubban ƙananan na'urorin ƙara wa ɓurɓushi gudu suna aiki yau a asibitoci da masana'antu. Akwai kuma kwangilolin da ke komawa ga kamfanonin ƙasashe mambobi, da matasan da ke samun horo su fita zuwa wasu sana'o'i, domin yawancin masu yin digiri na uku a fannin ba sa zama a cikinsa.

Duk da haka, Malam, ina ba ka shawara kada ka gaya wa ɗalibanka cewa don waɗannan ake gina na'urorin. Wanda yake son injin asibiti kawai, hanya mafi kusa ita ce ya ba masu ƙera injin asibiti kuɗi kai tsaye, kuma shi kansa ɓurɓushin Higgs ba a san wani amfanin kasuwa da yake da shi ba. Ainihin abin da ake saye shi ne sanin yadda aka gina duniyar abubuwa tun daga tushe. A 1969 wani sanata ya matsa wa Wilson ya faɗi ko na'urarsa za ta taimaka wa tsaron ƙasa, sai ya amsa cewa ba ta da alaƙa kai tsaye da kare ƙasa, sai dai tana daga cikin abubuwan da ke sa ƙasa ta cancanci a kare ta. Amsar ta gamsar a zamanin da masana fiziks ke cin albarkacin rawar da suka taka a yaƙi. A 1993 irin wannan hujja ba ta wadatar ba, kuma ɗan majalisar da ya ce akwai buƙatun da suka fi gaggawa bai faɗi abin kunya ba.

Ƙasashen da ba su da ƙarfin gina irin wannan na'ura sukan shiga ta ƙofar gwaje-gwajen ne, da kuɗi kaɗan. Maroko tana cikin ATLAS tun shekarun 1990, Afirka ta Kudu ma tana ciki, Masar kuma tana cikin CMS. Abin da suke biya bai kai ko kusa da na mambobi ba, amma sharaɗin ɗaya ne, wato a riƙa biya a kan kari shekara bayan shekara, domin ɗalibin da aka tura ba ya gama aikinsa a zango guda.

Game da ramin da ka ji labari kuwa, sunansa FCC, kuma ba a riga an amince da shi ba. Rahoton nazarin yiwuwarsa ya fito a watan Maris na 2025, ya ƙiyasta matakin farko zai ci kimanin faran biliyan 15, a kashe su cikin fiye da shekara goma, kuma ana sa ran yanke shawara wajen 2028. CERN ta ce kasafinta na yau da kullum zai ɗauki kaso mafi girma, amma ba duka ba, saura dole a nemo daga waje, kuma tun 2024 jami'an Jamus suka nuna shakku a kan yadda za a cike giɓin. Haɗin gwiwar cibiyar da Rasha ya ƙare a ƙarshen Nuwamban 2024 saboda yaƙin Yukiren. Amurka ta karkata ga binciken nutirino, wasu ɓurɓushi marasa nauyi sosai da ke ratsa ƙasa ba tare da tsayawa ba, inda aikin DUNE zai harba su daga Fermilab zuwa wani tsohon ramin haƙar zinariya a Dakota ta Kudu, tafiyar kilomita 1,300, kuma shi ma farashinsa ya haura dala biliyan uku. Masanan ƙasar Sin suna da zanen tasu na'urar mai kilomita 100. Akwai kuma wata matsalar da LHC ba ta fuskanta ba: a wancan karon masana suna da ƙwaƙƙwaran dalili na cewa ko dai a ga Higgs ko a ga wani abu a madadinsa, a wannan karon kuwa babu wanda zai iya yi wa ministan kuɗi alkawarin sabon ɓurɓushi, sai dai awo mafi inganci a kan wanda aka riga aka gano.