Na'urar zaburar da ƙwaƙwalwa za ta dawo wa mahaifina da hannunsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki wata takwas ke nan. Ƙafar ta fara takawa, amma hannun dama ko cokali ba ya riƙewa. Na ji ana maganar wata na'ura da ake ɗorawa a ka ta zaburar da ƙwaƙwalwa, da wani tabarau na kwamfuta da majinyaci ke sawa yana atisaye. Da gaske suna aiki, ko mu tsaya a kan gashi?
Wata mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Gashin nan kada ku kuskura ku daina shi.

Sashen ƙwaƙwalwar da jini ya yanke masa ba ya farfaɗowa. Sassan da ke kewaye da shi ne ke koyon aikinsa, kuma ba sa koya sai an yi ta maimaitawa. A nan matsalar take: wani bincike na 2009 ya gano cewa a zaman gashi guda, majinyaci kan motsa hannu wajen sau 32 kacal, alhali dabbobin gwaji ɗaruruwa suke yi a rana. Wannan adadi yana damuna ƙwarai.

Amfanin tabarau da wasannin kwamfuta shi ne su hana gundura. Mutum na kama ƙwallo a allo, bai ankara ba ya miƙa hannu sau ɗari. Sai dai a 2016 an gwada majinyata 141, wasu da na'urar wasan kwamfuta ta Nintendo Wii, wasu da karta da makamantanta, duk a kan gashin da suke yi. Kowane rukuni ya samu sauƙi, kuma babu wanda ya fi wani. Nazarin Cochrane (ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya) na 2017, da ya haɗa gwaje-gwaje 72, ya nuna amfanin yana fitowa ne idan an ƙara su a kan gashi, lokacin atisaye ya ƙaru.

Zaburar da ƙwaƙwalwa daga waje iri biyu ce. TMS na aiki da maganaɗisu, tun 1985 aka ƙirƙiro ta a Ingila. Ita kuwa tDCS lantarki ce 'yar kaɗan da ake bi da ita ta fatar kai kamar minti ashirin. Ƙananan gwaje-gwaje sun ba da fata, amma a babban gwajin TMS na 2018 waɗanda aka yi wa na gaske ba su fi waɗanda aka yi wa na kwaikwayo ba. Wadda ta fi ƙarfin hujja ita ce na'urar da ake dasawa ta hanyar tiyata don zaburar da wata jijiya a wuya, wadda Amurka ta amince da ita a 2021. A gwajinta, kashi 47 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa na gaske sun samu ci gaba mai ma'ana, waɗanda aka yi wa na kwaikwayo kuma kashi 24. Ita ma ana kunna ta ne daidai lokacin da hannu ke atisaye.

Idan Baba na da farfaɗiya, ko ƙarfe a ka, ko na'urar daidaita bugun zuciya, ku sanar da likita kafin a kusantar masa da TMS. Kada ku sayo na lantarkin ta intanet ku gwada a gida. Tabarau kuma kan jawo jiri, don haka a zaune zai fara, da wani a gefensa.

Ki tambayi mai yi masa gashi sau nawa ya kamata ya ɗaga hannun a rana, sannan ku riƙa ƙirgawa kuna rubutawa. Ki kuma tambaye shi atisayen madubi, inda Baba zai kalli hoton lafiyayyen hannunsa yana motsi kamar shi ne mai ciwon. Maganin hawan jini, in an ɗora shi a kai, kada ya tsallake ko kwana ɗaya.