Waƙar gari mai kuka ba cin mutuncinsa ba ce

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mawaƙin da ya ambaci talauci da mutuwar kasuwar garinsu na bakin teku ya tozarta garin. A'a, bai tozarta shi ba. Wanda ya damu da gari shi ke kukan halin da ya shiga. Dubi kiɗan morna na tsibiran Kef Bad (Cape Verde) da ke cikin teku yamma da Senegal, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2019. Fari da yunwa sun kori mutanensu zuwa Amurka da Turai, tashar jirgin ruwa ta Mindelo ta ja baya bayan zamanin jiragen kwal, sai kewar gida da teku suka cika waƙoƙinsu.

Sharaɗi ɗaya ne: mawaƙin ya sa kansa cikin masu wahalar. Na ga haka a nan Sakkwato bayan ambaliyar 2010, lokacin da Gulbin Rima ya cinye gonaki da gidaje. Wanda ya rera abin da ya sami ƙauyensu, har dattawa sun share hawaye. Da baƙo ne ya jero waɗannan asarori daga nesa, da gori za a ɗauke shi.