Holmes ko Agatha? Amsar Maman Hanan

Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri da murya, hannuna a cikin wake yake, ina gyara na ƙosan safe, rubutu ba zai yiwu ba.

Maman Hanan, na ga tambayarki tun la'asar, wai kina so ki fara karanta littattafan binciken kisa na Turawa irin na da, da wa za ki fara, labaran ɗan binciken nan Sherlock Holmes ko na marubuciya Agatha Christie. Na kuma ga Malam ya riga ni, ya ce Holmes ne tushe, a fara daga tushe. To ni a fahimtata ba tarihin wa ya riga wa kike nema ba. Mace ce ke mai yara uku da aikin ofis, abin da kike tambaya shi ne wanne ne in kin ba shi awa biyun da kika samu bayan isha'i ba za ki yi da-na-sani ba. In haka ne, Agatha. Babu ma ja.

Kuma Malam, da girmanka da komai, Holmes ɗin ma ba shi ne tushe ba. Ba'amurken nan Edgar Allan Poe tun 1841 ya ƙirƙiro Dupin, mutumin Paris mai warware kisa daga zaune. Holmes sai 1887 ya fito. Shekara 46 ke nan tsakani. Abin dariya ma, a littafin farko da Holmes ya fito, A Study in Scarlet, da Watson, likitan nan abokinsa mai ba da labarin, ya kwatanta shi da Dupin sai ya yamutsa fuska ya raina mutumin. Ka gaji rumfar ubanka kana kushe ta.

Ba wai ba na son Holmes ba ne, a'a, kada a juya min magana. Gajerun labaransa 56 da dogaye 4, da wuya a ce akwai wanda ban karanta ba. Amma Holmes kallo ake yi, kamar wasan gardi a kasuwa. Ya shiga ɗaki, ya durƙusa, ya tsinci wani abu ya sa a aljihu bai nuna miki ba, ya aika waya wani gari, ya ɓace kwana biyu, ya dawo da shigar tsoho ko ɗan dako, sannan a shafi na ƙarshe ya zaunar da ku ya yi bayani. Ke kuma ki tafa. To ta ina za ki gane, alhali abin da ya gani a aljihunsa yake? Ran da suka fara haɗuwa da Watson, daga gaisawa ya ce masa daga Afganistan kake. Abin burgewa ne, kuma an ce marubucin, Conan Doyle, wajen malaminsa na koyon likitanci a Edinburgh ya ɗauko wannan halin, Joseph Bell, mai kallon mara lafiya ya faɗi sana'arsa kafin ya buɗe baki. Na yarda. Amma shi kansa Watson ɗin, a littafin farko a kafaɗa harsashi ya same shi, a na biyu ciwon ya sauko ƙafa. Marubucin da ya manta inda ya harbi mutuminsa!

Wanda ya fi ci min rai shi ne labarin macijin nan, The Speckled Band. Wanda bai karanta ba ya yafe ni, na riga na faɗa. Wai mutum ya ajiye maciji a akwatin ƙarfe, yana ba shi madara, ya tura shi ta kafar bango ya sauka ta igiyar ƙararrawa ya sari yarinya, in asuba ta yi ya yi masa fito ya hawo igiyar ya dawo gida. Don Allah jama'a. Ni a ƙauye na tashi wajen kakata, mun ga kububuwa mun ga gamsheƙa. Wane maciji ne ake kira da fito kamar kare? Maciji ko kunnen waje ba shi da shi, motsin ƙasa yake ji. Kuma madara? Kyanwa ce? Irin macijin ma da ya ambata, wai na Indiya, babu shi a duniya, shi ya ƙaga abinsa. Kuma an ce a cikin labaransa wannan ne shi Conan Doyle ya sa a gaba. To, Allah Ya kyauta.

Sai dai, tsaya, in yi adalci. Akwai Silver Blaze, na dokin sukuwa da aka sace cikin dare. Holmes ya ce a lura da abin da kare ya yi a daren. Aka ce ai kare bai yi komai ba. Ya ce to abin lurar ke nan. Kare bai yi haushi ba saboda wanda ya shigo ɗan gida ne. Wannan kam an ajiye shi a gabanki, in ba ki gani ba laifinki ne. Duk mai kare a gida zai ji haushin kansa. Da duk labaransa haka suke da ban ce uffan ba.

To ita Agatha kusan kullum haka take wasa. Za ta tara miki mutum takwas ko goma a gida ɗaya, ko jirgin ƙasa da dusar ƙanƙara ta tare, ko jirgin ruwa a Kogin Nilu, ba shiga ba fita. Duk abin da Poirot, ɗan binciken da ta ƙirƙiro, ya ji kin ji, duk abin da ya gani kin gani. Sannan ta kayar da ke warwas. Poirot ɗin nan ɗan Beljiyam ne, tsohon ɗan sanda, gajere mai gashin baki, mai son tsari har ya yi yawa, kuma ba ya rarrafe a ƙasa yana neman tokar taba. Hira yake sa mutane su yi, don ya san mai ƙarya in ya daɗe yana magana sai ya taka sawunsa.

Ni kun san aikina, shekara 22 ina ba da magani ta taga a asibiti, shi ya sa matar nan ta shiga raina. Lokacin yaƙin duniya na farko ta yi aikin jinya a garinsu Torquay, daga baya aka mayar da ita ɗakin haɗa magani, har jarrabawa ta ci. A nan ta san guba. Littafinta na farko, The Mysterious Affair at Styles, 1920, wata dattijuwa mai dukiya ce ke shan maganin ƙarin ƙarfi na ruwa wanda akwai 'yar gubar strychnine a ciki, a zamanin haka ake haɗawa, kaɗan-kaɗan ba ya kisa. Sai aka zuba wani garin maganin barci, bromide, a kwalbar. Shi kuma sai ya sa gubar ta kwanta a gindin kwalba. A yi ta tsiyayo na sama a hankali ba a girgiza ba, ba abin da zai faru, sai ran da aka zo kan na ƙarshe, a shanye gubar kwalba guda a kurɓi ɗaya. Wallahi ran da na karanta wajen nan ajiye littafin na yi. Ni da kullum bakina ke ciwo da "Hajiya a girgiza kafin a ba yaro, a girgiza kafin a ba yaro". Af, na ma fara tona asiri. To ban dai faɗi wanda ya zuba ba, kuma nan ne wasan yake.

Akwai ma The Pale Horse na 1961, inda ta kwatanta gubar thallium, wadda ke sa gashi ya zube. A shekarun 1970 aka kai wata jaririya daga Katar wani asibiti a Landan, likitoci sun rasa gane ciwon, sai wata nas da ke karanta littafin ta ce wannan ai alamun iri ɗaya ne. Aka gwada, haka ne, yarinya ta rayu. Ku gaya min wa macijin Holmes ya taɓa ceta.

Amma abin da na so faɗa tun farko, The Murder of Roger Ackroyd, 1926. Maman Hanan kada ki fara da shi, ki bar shi ya zama na uku ko na huɗu, kuma in kin samu tsohon kwafi ki sa wani ya duba miki shafin farko. Ga dalili. Ina aji huɗu a makarantar kwana, kwafi ɗaya tal ne a laburare, bangonsa ya yage an liƙe da salatif. Sati uku ina bin layi. Ran da ya zo hannuna, ranar Juma'a ce ba zan manta ba, na shige ƙarƙashin bargo da tocila, na buɗe, sai ga jan biro a saman babi na ɗaya, da manyan baƙi, wata ta rubuta sunan wanda ya yi kisan. Har da ja masa layi biyu. Har da zanen fuska tana dariya. Na san rubutun, ɗakinmu ɗaya, gadonta na kallon nawa. Na tare ta a bakin famfo da safe, ta ce wai taimakon mutane ta yi kada su wahala. Taimako! Yau shekara talatin da wani abu, mun haɗu a biki ya fi sau biyar, muna gaisawa lafiya lau, 'yarta ma ta auri ɗan dangin maigidana, amma duk ran da na gan ta jan biron nan nake gani. Na yafe, amma ban ce na manta ba.

Sai dai kun san wani abu? Na karanta shi a hakan, don haushi. Da yake na san mai laifin sai na zuba ido in kama Agatha tana ƙarya, don an daɗe ana cewa a littafin nan ta yi wa masu karatu maguɗi. Layi-layi na bi. Ban kama ta ba. Ko sau ɗaya ba ta faɗi abin da ba haka ba. Shiru kawai take yi a inda ya kamata, irin shirun matar da aka tambaya ina mijinki ya kwana ta ce ai tuwo na kan wuta. Akwai wasu 'yan mintuna a daren kisan da ta tsallake a gaban idonki da jimla ɗaya, ke kuma ki wuce ba ki waiga ba. Wani fada na coci, Ronald Knox, har dokoki goma ya jera a 1929 na yadda za a yi wa mai karatu adalci, kada a kawo aljanu, kada a kawo gubar da ba a sani ba, kada tagwaye su faɗo daga sama... kai, bar wannan, in na shiga sai na taɓo abin da ba na so in taɓo.

A littafin dai ki lura da Caroline, yayar likitan garin. Ba ta fita ko'ina amma babu abin da ke faruwa a ƙauyen da ba ta sani ba, daga bakin mai kawo madara da 'yan aiki. Kowace unguwa akwai irinta, namu ma kun san su, ba sai na kama suna ba. Daga ita Agatha ta samo Miss Marple daga baya, tsohuwar ƙauyen nan mai warware kisa a wasu littattafanta.

Wanda kuma ya turo hoton James Hadley Chase, ƙanena, wannan ba layinmu ba ne. Duk mun karanta Chase, ana ɓoye shi a cikin littafin lissafi saboda hoton bangon. Amma Chase gudu ne da bindiga da kuɗin fansa, sau da yawa ma tun farko ka san mai laifin, jira kake ka ga yadda zai ƙare. Daɗi gare shi, amma ba ya sa ka koma baya kana duba shafi.

Saboda haka ki fara da Death on the Nile, 1937, ko Murder on the Orient Express, 1934. A'a, na Nilun dai, ɗayan fim ya ɓata shi, kowa ya san ƙarshensa. Sai dai ki shirya, matar 'yar zamanin mulkin mallaka ce, Misirawan da ke cikin littafin daga masu bara sai masu talla sai 'yan aiki, a ƙasarsu fa. Zai ɗan sosa miki rai, ni ma ya sosa min. In kin gama shi ki nemi And Then There Were None, mutum goma a tsibiri suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, amma kada ki karanta shi daren da maigida ya yi tafiya.

Ina da na Nilun a gida, ki turo Hanan gobe bayan Islamiyya ta karɓa. Akwai tabon shayi a wajen tsakiya, ba komai ba ne. Kuma wanda ya ari littafin Holmes ɗina, Hound of the Baskervilles, tun kafin azumi yana cikin zauren nan, yana ganin saƙonnina, shuɗin layi biyu na gani. Bari in je, waken nan ya jiƙa.