Amsa ga 'yar'uwar da ta ga shuɗayen ƙwayoyi a jakar ɗanta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwa, ban san ko wace ce ke ba tunda an ɓoye sunanki, amma tun da na karanta saƙonki jikina yake rawa. Kin ce kin tsinci ƙananan ƙwayoyi shuɗaye a jakar makarantar ɗanki, gefe ɗaya M, ɗayan 30, ya ce abokinsa ne ya ba shi saboda gwiwar da ya buge a wajen ƙwallo, kina tambaya ki zubar ki yi shiru ko ki gaya wa babansa. Irinsu ne suka kashe mana ɗan yayata a nan Bronx, cikin birnin New York, yaron da na goya a bayana. Allah ya jiƙansa.

Kada rubutun jikinsu ya ruɗe ki. Da inji ake buga su don su yi kama da oxycodone, maganin ciwo mai ƙarfi na asibiti, ko mai kemis da ido ba lallai ya bambance ba. Galibi abin da ke ciki fentanyl ne, wani sinadarin maye da ya ninka heroin ƙarfi wajen sau 50, miligiram 2 kacal ya isa ya kashe ƙaton mutum. Hukumar DEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Amurka ta ce a 2023, cikin kowace ƙwayar jabu 10 da ta gwada, 7 na ɗauke da abin da zai iya kisa. Kuma masu haɗawa ba sa gauraya shi daidai, kamar gishirin da ya dunƙule a kwaɓin ƙosai, wannan lami, wancan ba ya ciwuwa. Don haka in ya ce miki abokinsa ya sha bai yi komai ba, wannan ba hujja ba ce. Har wasu magungunan asibiti irin su Xanax da Adderall ana yin jabunsu haka.

Namu a ɗakin abokinsa ya sha. Abokansa uku ne a wurin. Ya kife a kan kujera yana wani irin minshari mai ƙarfi, suka ce barci ya yi, har suna dariya. Da suka ga leɓensa ya yi toka-toka sun girgiza shi bai motsa ba, sai tsoron 'yan sanda ya kama su. Biyu suka zame suka tafi gida. Mai ɗakin ya zauna yana watsa masa ruwan sanyi, ya kira wani yayansa, ya kira wancan, bai kira lambar agajin gaggawa 911 ba sai da gari ya kusa wayewa. Likita ta ce mana wannan minsharin numfashi ne yake ƙarewa. Har yau in na ji maigidana yana minshari sai na tashi zaune.

Abin da ya fi ci mini rai uwar yaron nan mai ɗakin. Tare muke zuwa islamiyyar Lahadi. Ta zo gaisuwa ta zauna kusa da yayata tana cewa kwana ne ya ƙare, a yi haƙuri, ta roƙi kada a ambaci sunan ɗanta saboda yana neman shiga jami'a. Mun san kwana ne ya ƙare, wa ya musa? Amma ta san ɗanta yana sayo su ta Snapchat tun kafin nan, ta taɓa kama shi, ta zubar a masai ta rufe bakinta. Da ta faɗa wa ko mutum ɗaya! Su kuma mazan gidan yayata suka sanar a masallaci wai ciwon zuciya ne. Yaro ɗan shekara 19. Na ce na yafe mata don Allah, amma in na hango ta a shagon kayan miya sai in canza layi.

Yau ɗin nan, kafin ma maganar babansa, ki shiga kowane kemis ki sayi Narcan, maganin farfaɗo da wanda irin wannan ƙwaya ta sumar, wanda ake fesawa a hanci. Tun 2023 ba ya buƙatar takardar likita, a birnin New York ma kyauta ake rabawa. In kin ga ba ya farkawa, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar tsinin allura, numfashi yana ja da ƙyar, ki fesa a hanci ɗaya, ki kira 911, in bai farfaɗo ba bayan minti 2 zuwa 3 ki fesa na biyu a ɗaya hancin. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau sai an kai shi asibiti, domin maganin yana iya sakinsa tun fentanyl bai bar jikinsa ba. Mu baƙaƙe ba shuɗi leɓenmu yake yi ba, fari-fari yake yi ko toka, ki lura da wannan. Kuma ki gaya wa yaron da bakinki, jihar New York tana da doka tun 2011 da ke kare wanda ya kira agaji daga tuhumar ɗan abin da aka samu a hannunsa, yawancin jihohi ma suna da irinta. Maganar takardun zama kuwa, asibiti dole ya karɓi mai lalurar gaggawa ko da su ko babu.

Babansa ki gaya masa, amma ba da daddare yana shigowa a gajiye daga tuƙi ba. Na san abin da zai fara cewa, a yankar masa tikiti a mayar da shi gida. Gidan da tiramol ya cika unguwa? Kuma wanda jikinsa ya saba, in ya yi watanni bai sha ba ya dawo ya sha daidai na da, a nan ake rasa su. Ki fara kai shi wajen likitansa a gano ko ya saba. In yana zufa, hamma, ciwon ciki da majina in bai sha ba, akwai magani, buprenorphine, ba duka yake buƙata ba. Ruqiyya da addu'a a haɗa, ban hana ba, mu ma mun yi.

Ƙwayoyin kada ki bar su inda ƙannensa za su kai hannu, ki tambayi mai kemis yadda za ki rabu da su. Uwar abokin nan da ya ba shi kuma, ki neme ta ki faɗa mata ko za ta daina gaishe ki. In kina kusa da mu ki sa a haɗa mu, ina da Narcan a jaka, zan kawo miki bayan la'asar.