Ba a aske shiru a fim ɗin tsoro

Kai yaro, ka tambaye ni yadda ake ɗaukar shirin talabijin mai dogon zango, irin na tsohon gida da fatalwa da la'anar kakanni, a matse shi ya zama fim na awa ɗaya da rabi. Da jera sin, wato fitowa-fitowar fim, ko gyaran kala ka tambaya, da ban kula ka ba, wannan ko ɗan aike ya iya. Amma wannan tambayar ta fama mini tsohon miki.

Ka san Dark Shadows? Na san ba ka sani ba, ku yaran yanzu abin da ya wuce minti biyu a waya ba ku da haƙurinsa. Tashar ABC ta Amurka ce ta nuna shi daga 1966 zuwa 1971, kashi 1,225. Mai shan jinin nan Barnabas Collins bai ma fito ba sai 1967. Watanni mutane suka yi suna zaune da gidan Collinwood, tsohon gidan da labarin ke gudana a ciki, kafin a buɗe akwatin gawarsa, shi ya sa da aka buɗe hanta ta kaɗa. Da Dan Curtis, wanda ya ƙirƙiro shirin, ya zo mayar da shi fim mai suna House of Dark Shadows a 1970, bai ce sai ya kwashe komai ba. Zare ɗaya ya kama, na Barnabas, ya bar sauran. Fim na biyu, Night of Dark Shadows na 1971, ya kammala shi a minti 129, sai kamfanin MGM ya ba shi awa 24 ya sauke shi zuwa wajen minti 95. Labarin ya yi giɓi ta ko'ina. A 1999 aka gano abin da aka yanke, amma babu sautinsa.

Irin wannan ce ta faɗa mini. Wani furodusa ya kawo mini shirinsa na aljanar wani kango, wanda ya yi farin jini a talabijin, ya ce in fitar masa da fim. Ya ba ni kafin alƙalami kashi ɗaya cikin uku. Sati biyar ina kai, wani daren a gaban kwamfutar nake kwana. Na fitar da awa biyu cif, kuma ko yau ina faɗa, a garin nan babu editan da zai yi kamarsa. Akwai inda amarya ke tsaye a bakin soro, fitilar ƙwai a hannunta, ba kiɗa ba magana, sai kukan gyare. Na bar ta daƙiƙa 40. Wanda duk na nuna wa sai ya waiwaya bayansa.

Ana gobe za a kai wa dillalai, bayan isha'i, sai ga furodusan, wai faifai ɗaya suke so, in cire minti 30 kafin asuba. Da na cire wata kishiya da ke cikin fim ɗin da duk labarinta, da an zauna lafiya. Ya hana, wai ita ce jarumar da ke sayar da fosta. Sai na bi kowane sin ina askewa, nan daƙiƙa goma, can ashirin. Tsayuwar amarya ta koma daƙiƙa biyar. Kuma don gaggawa a kan ainihin aikin na yi yankan, ban ajiye dogon a gefe ba. Sautin da na yi dare uku ina naɗa ya tafi tare da shi.

Fim ya fita, 'yan kallo suka yi ta dariya a inda ya kamata su ƙame. Mutumin nan ya ce ni na kashe masa kasuwa, ya riƙe ragowar kuɗina, ya bi abokan sana'a yana ɓata mini suna. Shekara guda ban samu babban aiki ba. Har yau in muka haɗu a wurin ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu, ko kunya.

To in an ce ka rage, mutum guda za ka cire da labarinsa kaf, kada ka taɓa shirun. Kafin ka sa hannu, kwafi dogon da sautinsa a wuri biyu, ɗaya ka kai gida. Tsawon fim kuma a rubuta shi a takarda ranar karɓar kafin alƙalami, da shaida. Gobe ka zo da wuri, zan ba ka kashi goma na wani shiri, ka nuna mini wanda za ka cire a cikin mutanensa.